HAKKIN ƊAURARRE A KAN 'YAN'UWANSA MUSULMI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai karɓar tuba, Mai yaye baƙin ciki. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi waɗansu bayin Allah ne da jama'a ba ta cika tunawa da su ba, watau waɗanda su ke tsare a gidajen yari, da kuma waɗanda aka sako su bisa sharaɗi tun wa'adinsu bai cika ba. Idan alƙali ya yanke wa mutum ɗaurin shekara uku, to, shekara ukun nan ita ce hukuncinsa. Amma sau da yawa jama'a kan ɗora masa wani hukunci na biyu wanda babu alƙalin da ya rubuta shi. 'Yan'uwa su ɗauke ƙafa, abokai su daina ambaton sunansa, a riƙa nuna 'ya'yansa da baki a unguwa, ran da ya fito kuwa kowa ya tsuke fuska. Wannan hukunci na biyu ba shi da wa'adi, ba shi da ɗaukaka ƙara, kuma shari'ar Musulunci ba ta san shi ba.

ANNABI YUSUFU DA ABOKAN ZAMANSA

Kurkukun da Alƙur'ani Mai Girma ya fi tsayawa a kansa shi ne wanda Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya shiga a ƙasar Masar ba da laifin kome ba. A cikin aya ta 36 ta Suratu Yusuf an ba da labarin samari biyu da suka shiga tare da shi, suka yi mafarki, suka kawo masa domin ya fassara musu. Dalilin da suka bayar na zaɓensa shi ne sun ga yana daga cikin masu kyautatawa.

To, wace kyautatawa ce mutum zai yi alhali shi kansa a ɗaure ya ke, ba shi da ko anini? Malaman tafsiri na farko, irin su Ƙatada da Lahhaku, sun bayyana cewa ya kasance yana jinyar wanda ya yi rashin lafiya a cikinsu, yana rarrashin mai baƙin ciki, yana matsa wa wanda wuri ya yi wa ƙunci, idan kuma wani ya shiga bukata sai ya bi ya tara masa abin da ya samu. Ashe ke nan aikin kwantar wa ɗaurarru hankali sunna ce ta annabawa.

A lura kuma da tsarin da ya bi. Sai da ya saurare su har suka gama, ya tabbatar musu zai biya musu bukatarsu, sa'an nan ya kira su zuwa ga kaɗaita Allah, yana kiransu abokan zamansa na kurkuku. Bai yi musu gori da laifin da ya kawo su ba. Wannan darasi ne ga masu shiga gidan yari da wa'azi, su buɗe baki da ambaton wuta da azaba tun ba su tambayi kowa lafiyarsa ba. Har wa yau surar ta nuna zafin mantuwa, domin wanda ya kuɓuta daga cikin samarin nan ya manta da saƙon da Yusufu ya ba shi zuwa ga sarki, sai Yusufu ya ƙara waɗansu shekaru a ciki.

A ZAMANIN MANZON ALLAH

A cikin Suratul Insan, aya ta 8 da ta 9, Allah Ya yabi bayinSa na ƙwarai da cewa suna ciyar da miskini da maraya da kamamme, alhali su ma suna son abincin, ba su neman sakayya ko godiya daga kowa. Mujahidu, almajirin Ibnu Abbas, ya fassara kamammen nan da wanda ke tsare a kurkuku. Sai a duba yadda aka jera shi tare da maraya. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu ba su iya fita su nema wa kansu, sai abin da aka kawo musu. Buhari kuma ya ruwaito daga Abu Musa Al'ash'ari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a kwance kamamme, a ciyar da mai jin yunwa, a gai da marar lafiya.

Bayan yaƙin Badar a shekara ta 2 ta Hijira, Musulmi sun kama kimanin mutum 70 daga cikin Ƙuraishawa, Manzon Allah ya yi wasiyya da a kyautata musu. Ɗaya daga cikinsu, Abu Azizu, ɗan'uwan Mus'abu ɗan Umairu, ya ba da labari daga baya cewa mutanen Madina da su ke tsaronsa su kan ba shi gurasa su kuwa su ci dabino, har kunya ta riƙa kama shi. Waɗanda suka iya rubutu daga cikin kamammun kuma aka sa kowannensu ya koya wa yara goma na Madina, wannan ya zama fansarsa. Watau an nuna musu cewa har yanzu suna da abin da za su amfani jama'a da shi, wanda kuwa ya san ana bukatarsa ba ya saurin yanke ƙauna.

Labarin Sumamatu ɗan Usalu, shugaban Banu Hanifa na Yamama, ya fi wannan ban mamaki. An kamo shi yana mai tsananin gaba da Musulunci, aka ɗaure shi a jikin ginshiƙin masallacin Madina. Kwana uku a jere Manzon Allah da kansa yana zuwa wurinsa yana tambayarsa abin da ke ransa, yana kuma sauraron amsarsa. Masu tarihi sun ce har ya sa ana kai masa abinci daga gidansa da nonon taguwarsa. Ran na uku ya ce a sake shi, ba fansa. Sumamatu ya tafi wata gonar dabino kusa da masallaci, ya yi wanka, ya komo ya musulunta, ya shaida cewa a da babu fuskar da ya fi ƙi a bayan ƙasa kamar ta Manzon Allah, yanzu kuwa babu wadda ya fi so kamarta. Shugaban al'umma ne duk da yawan hidimominsa ya sami lokacin ziyartar ɗaurarre guda kullum. Wane uzuri ya rage wa wanda ƙanensa ya shekara biyu a tsare bai taɓa leƙa shi ba?

ABIN DA MALAMAN FIƘIHU SUKA TSARA

A zamanin Manzon Allah da na Sayyidina Abubakar babu wani gini da aka keɓe domin tsare mutane. Sai a halifancin Sayyidina Umar aka sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka a kan dirhami 4,000 aka mai da shi kurkuku. Tun daga nan malamai suka shiga tsara hakkokin wanda aka tsare.

Alƙali Abu Yusufa, almajirin Imamu Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 182 ta Hijira, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashidu littafin Kitabul Haraji. A ciki ya ba shi shawara a yanka wa kowane ɗaurarre marar hali dirhami 10 a wata daga baitulmali, a kuma ba shi tufafin sanyi da na zafi. Ya ce a ba da kuɗi ne, domin idan gurasa aka bayar masu tsaron kurkukun za su cinye. Ya ce a naɗa mutumin kirki ya rubuta sunayensu, ya riƙa kiran kowa yana danƙa masa a hannunsa. Ya yi tir da al'adar fitar da su cikin sarƙa suna bara a titi, ya kuma kawo wasiƙar Umaru ɗan Abdul'azizu wadda ta hana a bar Musulmi cikin marin da zai hana shi yin salla a tsaye.

Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun tafi har ga abin da ya shafi zuciyar ɗaurarre. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, a babin shari'a, an nuna cewa sabon alƙali zai fara ne da duba al'amarin waɗanda ke tsare kafin sauran ƙararraki. A babin wanda bashi ya ci dukiyarsa kuma an ce idan an tsare mutum saboda bashi, ba a hana mai zuwa gaishe shi shiga, ba a raba shi da ɗan'uwansa idan tare aka tsare su, kuma idan hankalinsa ya gushe sai a fitar da shi har ya dawo cikin hayyacinsa. An kuma kyautata a bar shi ya fita, da lamunin wani, ya gai da mahaifansa ko ɗansa ko ɗan'uwansa idan ciwo ya tsananta gare su. Waɗannan hukunce-hukunce an rubuta su tun ƙarni na takwas na Hijira.

Duniya ta zo ta tarad da wannan magana. A shekarar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da fursunoni waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, wanda shi kansa ya yi shekara 27 a ɗaure, aka hana shi halartar jana'izar mahaifiyarsa a 1968 da ta babban ɗansa a 1969. Ƙa'idojin sun tabbatar wa fursuna hakkin ganawa da iyalinsa da malamin addininsa, sun kuma hana a kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. A Birtaniya kuwa, tun 1991 ƙungiyar Samaritans ta fara koya wa waɗansu fursunoni a kurkukun Swansea yadda za su zauna su saurari 'yan'uwansu da ƙunci ya kai su ga tunanin kashe kansu, shirin ya bazu zuwa sauran gidajen yarin ƙasar. Wanda ya karanta Suratu Yusuf ba zai ga baƙon abu a nan ba.

SAKI BISA SHARAƊI

A Nijeriya, dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ba kotu ikon sakin fursunan da ya nuna halin kirki kafin wa'adinsa ya cika. Dokar 2019 kuma ta sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali, ta ɗora mata kula da hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar aikin yi wa jama'a hidima da saki bisa sharaɗi. Irin wannan saki ya yi kama da abin da Hausawa ke kira ɗaurin talala: mutum yana gida, amma akwai sharuɗɗan da in ya karya su za a mai da shi.

Tarihin Musulunci ya san irin wannan amana. A yaƙin Ƙadisiyya, wajen shekara ta 15 ta Hijira, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya sa an ɗaure Abu Mihjan Assaƙafi saboda shan giya. Da yaƙi ya yi zafi, Abu Mihjan ya roƙi Salma, matar Sa'adu, ta kwance shi, ya yi mata alkawarin in ya tsira zai komo ya mai da ƙafarsa cikin mari. Ta yarda da shi. Ya hau goɗiyar Sa'adu mai suna Balƙa'u, ya yi yaƙin da ya ba kowa mamaki, da dare ya yi kuwa ya komo ya cika alkawari. Da Sa'adu ya ji labari sai ya sake shi, shi kuma ya rantse ba zai ƙara shan giya ba. Bulala da mari sun daɗe suna aiki a kansa ba su raba shi da kwalba ba, ran da aka amince masa sai ya bari.

Amma amana tana bukatar wurin zama. Masu bincike a ƙasashe da dama sun tabbatar cewa makonnin farko na shiga kurkuku da makonnin farko na fita su ne mafi hatsari ga ran mutum da hankalinsa. Wanda ya fito ya tarar matarsa ta tafi, wani ya hau rumfarsa ta kasuwa, mutanen sahun da ya saba salla a ciki suna matsawa in ya tsaya, ina zai nufa? Waɗanda za su karɓe shi hannu biyu su ne abokan da suka kai shi ciki tun farko.

DARASI DAGA KA'ABU ƊAN MALIK

Babu labarin da ya bayyana wannan hatsari kamar na Ka'abu ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi. Ya ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 ta Hijira ba da wani uzuri ba, ya kuma faɗi gaskiya. Manzon Allah ya hana a yi magana da shi da waɗansu mutum biyu har kwana 50. Ba a sa masa sarƙa ba, ba a kulle shi ba, yana yawo a kasuwa, amma aya ta 118 ta Suratut Tauba ta siffanta halinsu da cewa ƙasa duk faɗinta ta yi musu ƙunci. Ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa kuma mafi soyuwar mutane gare shi, ya yi masa sallama bai amsa ba, ya juyo yana hawaye.

Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga sarkin Gassan, yana ce masa ya ji mutumin nasa ya wulakanta shi, ya taho wurinsu a girmama shi. Ka'abu ya gane jarrabawa ce, ya jefa takardar cikin tanderu. To, wannan sahabi ne mai ƙarfin imani. Saurayin da ya fito daga gidan yari yau, kowa ya juya masa baya, shi ma irin wannan wasiƙa tana zuwa masa daga 'yan daba da dillalan ƙwaya da masu tayar da fitina, ba kowa ne kuwa zai iya ƙona ta ba.

Kada wani ya kafa hujja da wannan ƙauracewa. Umurni ne na Manzon Allah a kan mutum uku, yana da iyaka, wahayi kuma ya zo ya rufe shi. Hukuncin da ya game kowa shi ne bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Abin koyi yana ga ranar da aka karɓi tubarsu. Mutane suka riƙa tarbar Ka'abu ƙungiya ƙungiya suna yi masa barka. Da ya shiga masallaci, Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi ya miƙe da sauri ya yi musafaha da shi, Ka'abu kuwa bai manta masa wannan ba har ƙarshen ransa. Miƙewa ɗaya da musafaha ɗaya ne, ba a kashe ko kwabo ba.

TO, WANDA AKA ZALUNTA FA?

Mai karatu zai iya cewa, duk wannan tausayi ga mai laifi, ina hakkin wanda aka yi wa sata ko aka kashe masa ɗa? Tambaya ce mai kyau. Musulunci bai ce a tauye hakkin kowa ba. Tuba daga hakkin mutane ba ta cika sai an mayar da abin da aka ƙwace ko an nemi yafewa, kuma yana daga cikin aikin mai ziyara ya tuna wa ɗaurarre wannan cikin hikima. Sai dai zuciyar da ta yanke ƙauna ba ta tunanin biyan hakki. Na biyu, ba duk wanda ke ciki ne aka tabbatar wa laifi ba. A gidajen yarin Nijeriya wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a su ke yi, waɗansu kuma tara ce 'yar kaɗan ta gagare su biya. Na uku, ko wanda laifinsa ya tabbata, Buhari ya ruwaito cewa da aka yi wa wani mashayi haddi, wani ya yi masa mugunyar addu'a, sai Manzon Allah ya hana, ya ce kada a taimaki Shaiɗan a kansa. Wani kuma da aka sha kawowa saboda giya, da aka la'ance shi, Manzon Allah ya shaida cewa yana son Allah da ManzonSa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, dangi su riƙe ziyara, ko da wata wata ne, su kai labarin gida, su kai gaisuwar yara. Zumunta a ƙafa ta ke, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda nisa ya hana shi, ya aika da takarda ko saƙo.

Na biyu, kwamitin kowane masallacin Juma'a da ke kusa da gidan yari ya nemi izinin hukuma ya keɓe mutane masu haƙuri da riƙon asiri su riƙa shiga a kai a kai, ban da rabon abincin azumi da na Salla da aka saba. Ladabin wannan aiki shi ne yawan saurare da ƙarancin magana, da barin tambayar mutum abin da ya kawo shi sai in shi ya ɗauko zancen, da barin yin alkawarin da ba za a cika ba. Mata ɗaurarru kuma mata 'yan'uwansu ne za su je musu.

Na uku, idan aka ga mutum ya daina ci, ya daina barci, ya daina magana, ko yana ambaton gara ya mutu, to, a haɗa masa addu'a da likita, a sanar da ma'aikatan gidan nan da nan. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Na huɗu, masu hali su tuna aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa mabarta, watau waɗanda bashi ya danne, cikin masu cin zakka. Sadaka kuma tana iya biyan tarar da ta tsare magidanci, ko ta riƙe iyalinsa da karatun 'ya'yansa, domin babu abin da ke hana ɗaurarre barci kamar tunanin abin da yaransa suka ci.

Na biyar, ran da ya fito a je a tarbe shi. Liman da mai unguwa su fara miƙa masa hannu a gaban jama'a. A sama masa sana'a da abokan zama na kirki, kamar yadda malamin nan ya shawarci mutumin da ya kashe rai 100 ya bar garinsu ya koma cikin salihai. A kuma taimake shi ya kiyaye sharuɗɗan sakinsa, a daina kiransa da sunan tsohon laifinsa.

Allah Ya kuɓutar da waɗanda aka tsare bisa zalunci, Ya karɓi tubar masu laifi, Ya saka wa waɗanda aka cuta da mafificin alheri, Ya sanya tausayi a zukatan alƙalai da gandirobobi da sauran jama'a baki ɗaya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.